Kundin aiki: direban USB na ƙaramin kanel ɗina

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Kanel ɗin da nake ginawa a lokutan hutu, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ya kai inda ba zai ƙara gaba ba sai da USB. Yana tashi a kan x86-64, yana rabon memori, yana sauya aiki tsakanin manhajoji, yana kuma rubutu a allo. Abin da ake danna masa kuwa har yanzu ta tsohuwar hanyar PS/2 yake karɓa. Idan ka jona kibod na waje ko filash, bai ma san an yi ba.

Abu na farko da ya kamata a yanke shi ne wane kwantirola, wato ɓangaren kwamfuta da ke kula da ramukan USB, zan rubuta wa direba (manhajar da kanel ke sarrafa na'ura da ita), domin iri huɗu ne. UHCI da OHCI na zamanin USB 1 ne, wanda ya fito a 1996. EHCI ya zo da USB 2.0 na shekarar 2000 mai gudun megabit 480 a daƙiƙa, amma shi kaɗai ba ya iya magana da na'urori masu tafiyar hawainiya irin su kibod, sai an haɗa masa da ɗaya daga cikin na farkon ko wata mahaɗa a tsakani. Na huɗun shi ne xHCI, wanda aka yi domin USB 3.0 na 2008, kuma shi yana ɗaukar kowane gudu, daga megabit 1.5 har zuwa gigabit 5 da abin da ya haura. Intel ta cire EHCI daga kayanta tun zubin Skylake na 2015. Saboda haka xHCI kaɗai zan yi. Littafin ƙa'idarsa ya haura shafi 600, amma gara littafi ɗaya mai kauri da uku.

Na raba aikin hawa uku. Na ƙasa shi kaɗai ke taɓa rajistocin kwantirola, wato wuraren da ake rubuta masa umarni a kuma karanta halin da yake ciki. Na tsakiya shi ya san dokokin USB: yadda ake tambayar na'ura ko ita wace ce da yadda ake saita ta. Na sama kuma direbobin kowane jinsi ne, kibod, linzami, filash. Sharaɗin da na gindaya wa kaina shi ne kada direban kibod ya taɓa sanin cewa akwai wani abu wai shi xHCI. Iyakarsa ya ce “ga wurin ajiya, idan bayani ya zo a kira ni”.

Asabar, 18 ga Janairu

Gano kwantirolan bai ba da wuya ba. A jerin PCI, inda na'urorin cikin kwamfuta ke bayyana kansu, duk wanda ajinsa 0x0C, ƙaramin ajinsa 0x03, lambarsa ta uku 0x30, to shi ne. Na karanta adireshinsa daga rajistar BAR0, na shimfiɗa shi a memori tare da hana ajiyar wucin gadi ta firosesa shiga tsakani, na kunna masa izinin taɓa memori da kansa. Daga nan sai a tsayar da shi, a jira bit ɗin HCH mai nuna ya tsaya ya tashi a rajistar USBSTS, a rubuta HCRST don yi masa risat, a jira CNR mai nuna bai shirya ba ya sauka. Kowane jira na sa masa wa'adi, domin a cikin kanel madaukin da ba shi da wa'adi kwamfuta ce ta sanƙare ba tare da ta faɗi dalili ba. A QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta don gwaji, da kwantirolanta qemu-xhci, komai ya wuce sumul.

Lahadi, 26 ga Janairu

Wannan makon zobba suka cinye shi, kuma a nan ne gizo ke saƙa. Kanel ba ya ba xHCI umarni ta hanyar rubuta rajista ya tsaya jira. Su biyun suna raba wani yanki na memori ne, an yanka shi gida-gida, kowane gida bayit 16, sunansa TRB. Kanel yana cika gidajen a jere, kwantirola yana bin bayansa yana kwashewa, idan an kai ƙarshe a dawo farko. Akwai zoben umarni guda ɗaya, akwai zoben jigila ga kowace mashigar na'ura (hanyar da bayani ke shiga ko fita daga gare ta), sannan akwai zoben labari, wanda a cikinsa aikin ya juye: kwantirola ke rubutawa, kanel ke karantawa.

Tambayar da na daɗe a kanta ita ce, ta yaya kwantirola ke sanin gidan da aka cika da wanda ba a cika ba, alhali babu rajistar da ke faɗa masa inda kanel ya tsaya? Amsar bit ɗaya ce tak a cikin kowane TRB. Kowane ɓangare yana riƙe da lamba a ransa, 1 a zagayen farko. Idan bit ɗin gidan ya yi daidai da ita, gidan na mai karatu ne. Idan ya saɓa, bai zama nasa ba tukuna, ya dakata. Da an gama zagaye ɗaya sai ma'anar ta juye, 0 ta zama alamar sabo, don haka ba sai an bi an goge tsofaffin gidaje ba. Dabarar ta burge ni ƙwarai.

Wannan bit ɗin shi ne miƙa mallaka, don haka dole shi za a rubuta a ƙarshe. Idan ya riga sauran bayit ɗin sauka, kwantirola zai iya ɗaukar umarnin da rabinsa tsoho ne. Kuma kwamfaila, manhajar da ke mayar da rubutunka yaren kwamfuta, tana da 'yancin sake jera rubuce-rubucenka idan ba ka hana ta ba. Na sa shinge tsakanin rubuta jikin TRB da rubuta kalmarsa ta ƙarshe, da wani kafin buga ƙararrawa. Ƙararrawa rajista ce da ake taɓawa don a ce wa kwantirola akwai sabon aiki. Ta 0 ta umarni ce, sauran kuma kowace na'ura da tata.

Na ba kowane zobe shafi ɗaya na bayit 4096, wato gida 256. Hakan ya raba ni da dokar da ta hana zobe tsallake iyakar kilobayit 64. Adireshin da ake ba kwantirola kuma na asali ne, ba wanda kanel ke gani ta teburin shafuka ba, shi ya sa na rubuta ƙaramin mai rabon memori da ke mayar da duka biyun tare.

Da dare na tura umarni mai lamba 23, wanda ba ya yin komai, an yi shi ne don gwaji. Labari mai lamba 33 ya dawo da sakamako 1. Kwantirola ya ji, ya kuma amsa.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Rajistar kowace kafa, PORTSC, tana da tarko. Wasu bit ɗinta idan ka rubuta musu 1 gogewa suke yi, kuma cikinsu har da PED, wanda ke nuna kafar tana kunne. Wanda ya bi al'adar karanta rajista, ya ƙara bit ɗaya, ya mayar, to ya kashe kafar da hannunsa. Na yi aiki guda da ke tace waɗannan kafin kowane rubutu, na kuma hana kowa taɓa rajistar sai ta nan. Kafofin USB 2 sai an yi musu risat kafin su kunnu, na USB 3 da kansu suke tashi, kuma ramin da ido ke gani guda ɗaya kafa biyu ne a wurin kwantirola.

Bayan risat sai umarni na 9, a karɓi gurbi, wato matsayin na'urar a wurin kwantirola, sai na 11, a ba na'ura adireshi. A xHCI kanel ba ya zaɓar adireshin, kwantirola ke yi. Sai na shirya TRB uku a zoben mashiga ta 0, na shiri da na bayani da na kammalawa, na nemi takardar da na'ura ke bayyana kanta da ita, mai bayit 18. Ga farkon abin da ya fito a allo:

12 01 00 02 00 00 00 40

Lambobin na hex ne, ƙirgan goma sha shida: tsawo 18, jinsi 1, USB 2.0, ƙunshi mafi girma bayit 64. Kibod ɗin QEMU ne yake gabatar da kansa.

Wata shawarar gini ta taso a nan. Labarin cewa an jona na'ura yana zuwa ne ta katsewa, wato siginar da kwantirola ke katse firosesa da ita, amma saita ta yana buƙatar a tura umarni a jira amsa, amsar kuma ta wannan katsewar take zuwa. Idan ka tsaya jira a cikin mai amsa katsewa, kai ne ka tare hanyar abin da kake jira. Don haka mai amsa katsewa yanzu ba ya yin komai illa kwashe zoben labari, ya matsar da ERDP, rajistar da ke nuna inda kanel ya kai a zoben, ya tashi wani zaren aiki na dabam. Duk wani dogon aiki a zaren ake yin sa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Kibod yana rubutu. Na nemi takardar saiti, na karanta bayit 9 na farko don sanin tsawonta, na sake neman cikakkiya, na bi ta har na sami fuska, wato sashen na'ura mai aiki guda, mai aji 3, ƙaramin aji 1, yarjejeniya 1. Na umarce shi ya koma sauƙaƙƙiyar yarjejeniyar da BIOS, manhajar da ke tashin kwamfuta kafin kanel, ke amfani da ita, wadda rahotonta kullum bayit 8 ne: na farko na su Shift da Ctrl da Alt, na biyu ba komai, shida na ƙarshe maɓallan da ke danne. Fassara cikakken tsarin rahoton HID, ajin su kibod da linzami, aiki ne na wani lokaci.

Abin da mai fitowa daga PS/2 zai lura da shi: kibod ɗin USB ba ya cewa an danna ko an saki. Hoton halin da ake ciki yake aikowa. Danna a ya kawo 00 00 04 da sifirai, saki ya kawo sifirai zalla. Direba ne zai riƙe rahoton baya ya gwada da sabo ya fitar da bambanci. Maimaita harafi idan an riƙe maɓalli ma ba aikin kibod ba ne, agogon kanel ne zai yi.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ana cikin rubutu, bayan kamar layi biyu, kibod ya yi tsit. Kowane gwaji a wuri guda yake tsayawa, kuma ruwa ba ya tsami banza. Gida 255 ne na aiki a zobe, kowane harafi yana cin biyu, na dannawa da na saki, wato wajen harafi 127. Gida na ƙarshe TRB ne na mahaɗi mai mayar da kwantirola farko, kuma shi ma sai an miƙa masa shi da bit ɗin zagayen da ake ciki, a daidai lokacin da aka iso gare shi. Gyaran layi uku ne. Na rage zoben gwaji zuwa gida 16 don juyawar ta riƙa faruwa da wuri, duk abin da ke ɓoye a wurin ya fito.

Asabar, 22 ga Fabrairu

An sauka daga QEMU zuwa ƙarfe na gaske, wata tsohuwar laftof da na saya a wurin 'yan gwanjo don wannan aikin. Ba ta da kafar siriyal, don haka duk bayanan bincike a allo suke zuba, ni kuma ina tsaye da waya ina ɗaukar bidiyo, daga baya in bi shi hoto-hoto in karanta layukan da suka wuce da gudu.

Abubuwa biyu da QEMU ba ya tambaya su ne suka fara tare ni. Na farko, lokacin da kanel ya tashi kwantirolan ba nasa ba ne. BIOS ke riƙe da shi, da shi yake sa kibod na waje ya yi aiki a allon saiti, kuma yana iya kutsowa ta SMM, yanayin da kanel ba ya gani ba ya kuma iya hanawa. Kamar ka tare a gidan haya ne alhali tsohon ɗan haya bai miƙa mukullinsa ba. Akwai ladabin karɓa: a bi jerin ƙarin iyawar kwantirola a nemo mai lamba 1, a ɗaga bit na 24 don a ce kanel yana so, a jira BIOS ya sauke bit na 16, sannan a kashe hanyoyin da yake samun katsewa. Idan wa'adi ya cika bai sauke ba, na zaɓi in ƙwace, kamar yadda direban Linux ke yi. Daga wannan lokacin kibod na waje ya mutu har sai direbana ya tashe shi. Sa'ar da na ci ita ce na jikin laftof ɗin ta PS/2 yake bi.

Na biyu, shafukan aro. Kwantirola na gaske yana iya neman kanel ya ba shi wasu shafukan memori ya riƙa ajiye harkokinsa, adadin yana cikin rajistar HCSPARAMS2, adireshin jerinsu kuma a gida na 0 na DCBAA, teburin adiresoshin jadawalin na'urori, ake sa shi. QEMU sifiri yake nema, shi ya sa mutum zai yi wata guda bai san da maganar ba. Wannan laftof ɗin ta nema. Da zarar an ba shi shafukan sun fita daga hannun kanel, ko leƙa su ba a yi. Tun da ina wurin na sa direba ya riƙa duba bit ɗin CSZ, saboda wasu kwantiroli jadawalinsu na bayit 64 ne maimakon 32.

Bayan waɗannan, umarni na 23 ya dawo da 1 a kan ƙarfe.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi ya kama, aikin ya koma bayan tarawihi, kuma kai ba ya ɗaukar abu mai yawa.

Kibod ɗin gwaji na araha ne, irin wanda ake zubawa a tebur a kasuwa, kuma ya koya mini abin da mai tsada ba zai koya ba. Mai ƙaramin gudu ne, ƙunshinsa bayit 8. Yana da fuska biyu, ta biyun ta maɓallan ƙara sauti da makamantansu. Da na tura wa ta biyun buƙatar SET_IDLE, mai tsara yadda zai riƙa maimaita rahoto, sai ya ƙi, sakamako mai lamba 6 ya dawo. A dokar USB wannan ba laifi ba ne, na'ura ce ta ce ba ta yin wannan, kuma a wurinta maganar ta wuce da zarar sabuwar buƙata ta zo. Amma a wurin xHCI mashigar ta tsaya cak. Sai an tura umarni na 14 an farfaɗo da ita, an bi da na 16 an nuna wa kwantirola inda zai ci gaba a zobe, ya tsallake ragowar buƙatar da aka ƙi. Na sa wannan a hawan ƙasa, na sama kawai yana jin “an ƙi” ya ci gaba da harkarsa.

Sai lissafin tazara. Kibod ɗin ya nemi a riƙa leƙa shi duk milisakan 10. xHCI kuwa ba ya karɓar milisakan, yana son lambar da idan aka ninka 2 da kansa sau adadinta, aka buga da mikrosakan 125, za ta ba da tazarar. Milisakan 10 kashi 80 ne na 125, mafi kusa daga ƙasa 64, wato lamba 6, milisakan 8. Na'urori masu babban gudu kuma nasu lissafin dabam ne. Na kuma sa jiran milisakan 100 bayan jonawa da 10 bayan risat, waɗanda ƙa'ida ta ce a yi, QEMU kuma bai taɓa damuwa da su ba.

Asabar, 15 ga Maris

Na ɗan ratse hanya don jin daɗin kaina. Tun da kibod lambar maɓalli yake aikowa ba harafi ba, fassarar tana hannuna, sai na sa Alt na dama ya fitar da haruffanmu masu lanƙwasa. Rahoton 40 00 0E yanzu ƙ ne, 0x07 ɗ, 0x05 ɓ, 0x1C kuma ƴ, wanda ake rubutawa a Nijar inda mu a Najeriya muke rubuta 'y.

Tsohuwar dabarar cire 32 don samun babban baƙi ba ta aiki a nan. Ƙ yana U+0198, ƙaraminsa na biye da shi a U+0199, amma Ɗ yana U+018A, ƙaraminsa can U+0257, haka Ɓ a U+0181 da ɓ a U+0253. Tebur na yi musu. Layin shigar da rubutu ma sai da aka taɓa shi, domin ƙ a UTF-8 bayit biyu ne, C6 99, maɓallin gogewa kuma bayit ɗaya yake cirewa ya bar rabin harafi. Zanen haruffan allo na 8 a 16 ba shi da su, na zauna na ɗiga takwas ɗin da hannu. Ƙugiyar ɗ ta fito kamar an cije ta, amma ana gane ta.

Asabar, 5 ga Afrilu

An sha Salla, an dawo kan abin da na fi tsoro tun farko: zare na'ura tana cikin aiki.

Gwajin farko na riƙe k na fizge wayar. Allo ya cika da k, layi bayan layi, domin rahoton saki ba zai taɓa zuwa ba, agogon maimaitawa kuma bai san mai maɓallin ya tafi ba. Yanzu idan aka cire kibod, direbansa yana ƙirƙirar rahoton sifirai da kansa ya saki komai.

Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne memori. A lokacin da aka zare, akwai TRB da aka riga aka miƙa, da wurin ajiyar da adireshinsa ke hannun kwantirola. Idan kanel ya yi gaggawar mayar da shafin ga mai rabo, aka ba wata manhaja, kwantirola yana iya rubutu a ciki daga baya, kuma teburin shafuka ba ya tsare rubutun da bai bi ta firosesa ba. Ɓarnar za ta bayyana a wani wuri da ba ruwansa da USB, bayan mintuna. Saboda haka jerin ya zama tilas: a yi wa na'ura alamar ta tafi don a daina karɓar sabuwar buƙata, a tura umarni na 10 a rufe gurbinta, a jira kwantirola ya tabbatar, a mayar wa direban sama duk buƙatun da ke rataye da sakamakon “an cire”, sannan a saki memori. Kowace buƙata yanzu tana da fili ɗaya da ke faɗin a hannun wa take, direban sama, layin jira, ko kwantirola, kuma kanel yana tsayawa da ihu idan wani ya taɓa wadda ba tasa ba. Ita kanta na'urar na sa mata ƙidayar masu riƙe da ita, ba ta gushewa sai na ƙarshe ya saki.

Na leƙa yadda Linux ya warware wannan, shi da ya sami direban xHCI tun fitowar 2.6.31 a 2009. Aikinsa na usb_kill_urb ba ya dawowa sai buƙata ta fita daga hannun kwantirola gaba ɗaya. Tunanin na ɗauka, ban kwafi rubutun ba, saboda lasisinsa GPL ne, nawa kuma ba shi ba ne.

Don gwaji na rubuta ɗan umarnin da ke sa QEMU ya riƙa device_add da device_del, wato jona na'ura da zare ta, ba ƙaƙƙautawa, na bar shi ya kwana yana yi. Da safe adadin shafukan da ke hannun mai rabo bai ragu ba.

Asabar, 19 ga Afrilu

Mahaɗa, wato 'yar akwatin nan mai rami huɗu. Kwantirola bai san ramukanta ba, ita ma na'ura ce mai aji 9, kanel ne zai ba kowane rami wuta, ya yi masa risat ta buƙatu, ya saurari mashigar da take faɗin ramin da ya motsa. Duk abin da aka jona a bayanta sai an rubuta masa hanyarsa a jadawalin gurbi, bit 20, huɗu ga kowane hawa, hawa biyar iyaka. Kibod mai ƙaramin gudu a bayan mahaɗa mai babban gudu yana buƙatar ƙarin abu: gurbin mahaɗar da lambar raminta, domin ita ke fassara tsakanin gudun biyu. Da na cika waɗannan filayen kibod ɗin araha ya yi rubutu ta cikinta, ba a kuma taɓa ko layi ɗaya a direban kibod ba.

Zare mahaɗar da kanta, da na'urori a jikinta, bai gama zama daidai ba. Dole a fara rufe 'ya'yan kafin uwar, kuma zaren aikin nawa a halin yanzu bi da bi yake karɓar labari, bai san dangantaka ba. Shi ne aikin mako mai zuwa. Bayansa filash: mashiga biyu na jigilar kaya mai yawa, umarnin SCSI, yaren na'urorin ajiya, a naɗe cikin ƙunshi mai bayit 31 da ke farawa da USBC, amsa mai bayit 13 da ke farawa da USBS. Na ware wani tsohon filash da babu komai a cikinsa, kuma zubin farko karatu kawai zai yi, ba zan haɗa umarnin rubutu ba sai umarnin karatu na READ(10) ya dawo da sashe na 0 da 55 AA a ƙarshensa.